Farin Tsimin Gidanmu

Ni dai hanci ne ya cuce ni. Da abin ya tsaya a hancin da da sauƙi, to sai baki ya biyo baya ya ƙarasa ɓarnar. Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau in zan wuce ta ƙofar ɗan ɗakin da ke bayan zaurenmu sai na kawar da kai. Akwai rami a kusurwar ɗakin, zagayayye, zurfinsa ya kai gwiwa. Ƙanwata ta sha ce mini in cike shi kafin kunamu su mayar da shi gida. Kullum sai in ce mata gobe.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Kunci da Makoda, inda gona take manne da gona, in ka yi tuntuɓe a kunyarka sai ka faɗa a gyaɗar maƙwabci. Asalinmu Barebari ne. Kakana ne ya taso daga gabas yana fataucin kanwa, ya yada zango a nan, bai sake tashi ba. Abin da ya zo da shi bai taka kara ya karya ba: jakuna biyu, matarsa, da tulu ɗaya da aka naɗe da tsumma. Barbarci ya ƙare a bakin Baba, ni ko gaisuwa ban iya ba. Fulanin da ke kawo mana nono ne kawai suke tuna mana asali, su ma don su tsokane mu. Abin da ya rage mana na gabas shi ne wannan tulu, kuma shi ne ya zauna a ramin da nake magana.

Tulun tsimi ne. Kowa ya san tsimi, a jiƙa sassaƙe da saiwoyi a bar su su tsimu, a riƙa kurɓa saboda ciwon baya ko shawara ko gajiyar noma. Sai dai na mutane ja ne ko baƙi wuluk, namu kuwa garau yake, kana hango gindin ludayi ta cikinsa, shi ya sa ake ce masa farin tsimi. Kuma na mutane a sha a shanye, a wanke tulu a sake sabo. Namu ba a taɓa shanye shi ba. Dokarsa ɗaya ce, tun ban san hagu da dama ba nake jin ta: ba a ganin gindinsa. Duk kaka, in an shigar da gero rumbu an sauke amyar da ke kan ɗorawar gonarmu, Baba zai dafa tsamiya ya tace, ya dama zuma, ya jefa kanumfari da citta da wata dakakkiyar saiwa da yake fitowa da ita daga aljihu, ya bari ya huce, sannan ya tuttula a kan tsohon. Ya mayar da faifai ya rufe. Ba a wanke tulun, ba a motsa shi, ba a zura ludayi can ciki a taɓa abin da ya kwanta a ƙasa, wanda Baba yake kira uwa.

"Wannan sabon yaro ne," haka yake cewa in ya gama zubawa. "Bari ya zauna da manya ya koyi hankali."

Ke nan duk ludayin da aka ɗebo akwai ɗan abin da kakana ya dama da hannunsa a ciki. Baba yana shan ƙaramin ludayi ɗaya kullum, in ya dawo daga sallar asuba, kafin ya saɓa fartanya. Tsofaffin gari ma in baya ya riƙe su sukan aiko da ɗan kofi, ya sam musu. Mu kam ba a ba mu, ko ɗakin ba ma shiga. In na yi naci sai ya ce, "Babana, sai ka yi furfura. Ran nan zan miƙa maka ludayin, in gaya maka sunan saiwar." Babana yake ce mini saboda sunan mahaifinsa aka sa mini, bakinsa bai taɓa kama sunana na yanka ba.

Gonar da ta riƙe kakana ta riƙe Baba, da ta zo kanmu sai ta gaza. An raba, an sake rabawa, abin da ya rage ba ya kai mu watan azumi. Ni kuma Allah ya yi ni da zafin kai. Na bi masu bi ta sahara, tafiyar da ba na son tunawa, ba kuma ita na zauna rubutawa ba. Bayan wahala iri-iri na tsinci kaina a arewacin Sifaniya cikin masu tsinkar inabi. Ranar da na fara samun Baba, ta wayar mai shagon bakin masallaci, ya tambaye ni aikin me nake yi.

Na ce, "A gonar inabi nake, Baba."

Ya ce, "Inabi? Inabin da ke cikin Alƙur'ani?"

Na ce, "Shi fa."

Kabbara ya yi. Sannan limaminmu ya ƙara masa da cewa ai Sifaniya ita ce Andalus ta cikin littattafai, ƙasar manyan malamai. Shi ke nan, Baba ya samu abin faɗa. Ƙanwata ta ce duk wanda ya zauna kusa da shi a dakalin masallaci sai ya ji cewa ɗansa yana Andalus yana noman 'ya'yan itacen Aljanna. Ni kuwa ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Maganar ce kawai na yanke a tsakiya. Inabin da muke tsinka ba wanda yake ci, matse shi ake yi a yi giya.

Da kakar inabi ta wuce aka sallami mutane, ni sai wani tsoho ya riƙe ni. Shi ne mai kula da rumbun giyar gidan da na yi wa aiki, gajere, mafaɗaci, yatsunsa duk sun kanannaɗe. Ya ce yana son mai ƙarfi wanda ba ya sha, don shi ne ba sai an sa masa ido ba. Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai, na yi allo, na san mai matsa ta da mai ɗaukar ta duk suna cikin hukunci. Na ce wata uku zan yi in gudu. Shekara tara na yi. Ban taɓa kai ta baki ba, ko ɗigo, wannan kam Allah ne shaida, kuma da wannan ɗan abin na riƙa lallashin zuciyata.

Rumbun nasu a ƙarƙashin ƙasa yake, an haƙe cikin tudu, sanyinsa ɗaya rani da hunturu. Bango baƙi ƙirin da fumfuna, yanar gizo ko'ina. Ranar da na ɗauki tsintsiya zan share, tsohon kamar ya cinye ni ɗanye. Gangunan katako ne jere har inda ido ya tsaya, yawancinsu jar giya, amma ran tsohon yana kan farar. Ya ce ko a ƙasarsu mutane sun ɗauka farar giya ba ta daɗewa, shekara biyu uku ta mutu, ja ce mai tsawon rai. Tasa kuwa sai ta yi shekaru a ganga, sannan a ɗura a kwalba a kwantar a manta da ita. Akwai kwalaben da ubansa ne ya toshe bakinsu. Aikina shi ne in riƙa cika gangunan, don katako yana shan rabonsa, in kuma taya shi juye ta daga wannan ganga zuwa waccan. Shi yana riƙe da kyandir yana duban ruwan, da ya ga laka ta fara biyowa sai ya daka mini tsawa in tsaya.

Shi ya lalata mini hanci. Sai ya ɗebo a kofin gilashi ya kara mini a fuska. "Ba sha na ce ka yi ba, shaƙa!" Sabuwa launinta na ruwan lemon tsami ne, ƙanshinta yana tsalle ya daki hanci, sai ya taɓe baki ya ce yarinya ce, ba ta san komai ba. Wadda ta shekara goma ta koma kalar man gyaɗa. Wadda ta girme ni kuwa kalar tatacciyar zuma ce, kuma ba ta ƙanshin inabi ko kaɗan. Ƙanshin soyayyar gyaɗa take yi, da kakin zuma, da busasshen ɓawon lemo, can ƙasa kuma akwai wani abu irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ba ta gaggawa, sai ka jira ta, ƙanshin yana canzawa a cikin kofin tun daga hantsi har azahar. Ya ce tsami ne yake riƙe da ranta. Wadda ta yi zaƙi da laushi tun tana ƙarama ba ta kai labari, wadda take sa mutum yamutsa fuska ita ce za ta binne wanda ya yi ta. Duk lokacin da na shaƙi tsofaffin nan sai in ji kewar gida ta taso mini, na ɗauka gyaɗar ce.

Ba duka suke rayuwa ba. Na ga ya buɗe kwalbar da ya yi shekara talatin yana jira, ya shaƙa, ya tuttular a ƙasa, ranar ko abinci bai ci ba. Ya ce ba mai sanin mai rai da matacciya sai an buɗe. Sau ɗaya kuma wani ma'aikaci ya manta wata ƙaramar ganga a lungu, bakinta a buɗe. Da muka gano ta bayan watanni, tsohon ya zazzage ta yana zage-zage, sai ga wani abu ya sulluɓo daga ciki, faffaɗa, mai santsi kamar hanta. Ya shure shi da takalmi ya ce wannan ba giya ba ce kuma, iska ta cinye ƙarfinta, ta koma khal, wato ruwan tsamin nan da ake zubawa a kwaɗon ganye, ko goyo ya sha ba zai bugu ba. Na gani da idona, na ji da kunnena. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Inna ta rasu ina can, ban samu jana'izarta ba. Bayan shekara biyu ƙanwata, wadda ta dawo gida tun da mijinta ya rasu, ta kira ni ta ce idon Baba ya fara tafiya, in ina so ya gan ni to in taho. Na taho. Motar haya ta sauke ni a Makoda, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ta cikin gonakin dawa. Baba ya shafa fuskata, ya shafa gemuna, ya yi dariya ya ce, "Babana, ashe a Andalus ma ana tsufa."

Dole in faɗi irin mutumin da na dawo. Iyayi na dawo da shi, kai! Komai na gani sai na gyara. Randa ba a rufe ta daidai ba, gyaɗa ba haka ake shanya ta ba, taki ba haka ake watsa shi ba, a can kaza ake yi, a can kaza. Mutumin da ya yi shekara tara yana mirgina gangar giya a rami, shi ne ya zo yana koya wa manoma noma. Ƙanwata ta laƙaba mini suna A-can. In na buɗe baki sai ta ce, "To, kowa ya nutsu, Yaya A-can zai yi magana." Ina jin haushi, amma ban daina ba.

Wata Laraba ce da hantsi, an gama shigar da gero. Tun daga zaure na ji ƙanshin dafaffiyar tsamiya. Baba ya kira ni daga ɗan ɗakin nan. Na same shi a tsugune gaban tulun, ƙanwata tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar zuma. Ran nan ne na fara shiga ɗakin a rayuwata.

Ya ce, "Babana, ƙanwarka ta ce a gemun nan naka fari ya fi baƙi yawa. Lokaci ya yi. Tsuguna."

Na tsuguna. Ya ɗaga faifan, ya zura ludayi a hankali, ya ɗebo, ya miƙo mini da hannu biyu.

Kafin ludayin ya iso, ƙanshin ya riga shi. Wallahi sai na ji kamar an ɗauke ni an mayar da ni ramin tsohon nan. Gyaɗar nan ce, da kakin zuman, da ɓawon lemon, da rufaffen ɗakin. Hasken ƙofa ya faɗa cikin ludayin, kalar tatacciyar zuma sak. Ashe ba gyaɗa ce take sa ni kewar gida ba. Wannan ne, ƙanshin da ke jikin rigar Baba tun ina ƙarami in ya ɗaga ni.

Da na yi shiru na kurɓa, da yanzu ba ni da abin rubutawa. Ko da na ce cikina ne ba daɗi a bari sai gobe. Amma ina! A-can ya samu abin da shi kaɗai ya sani. Kuma abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne da dariya na faɗa.

"Kai, Baba! Wannan ai giya ce!"

Ƙanwata ta ce, "Yaya, rufe mana baki!"

Ban rufe ba. Na ce, "Wallahi tallahi giya ce. Tsohuwa ma kuwa, ta manya. A can irin wannan sai ranar babban biki ake buɗe ta."

Baba bai motsa ba. Ludayin yana hannunsa, ko rawa bai yi ba. Ya juyo da idanunsa da suka yi fari-fari wajen da muryata take.

Ya ce, "A ina ka san warin giya?"

Ina jin kaza tana ƙyarƙyara a tsakar gida.

Ya ce, "Inabin ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Shekara nawa?"

"Tara."

"Ka sha?"

"Ban taɓa ba, Baba. Na rantse da Allah, ko ɗigo."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ka fi ni. Ni tun rasuwar babana nake sha, shekara arba'in da wani abu. In idar da sallah in zo in sha. Har mutane na shayar." Ya mayar da abin da ke ludayin cikin tulu, a hankali, yadda ya saba, kada ya tayar da uwar. Sannan ya ce, "Ɗauko fartanya."

Ƙanwata ta fashe da kuka, tana cewa a bari a tambayi liman, a bari ko gobe ne. Ni ma na fara in-ina, ina cewa ai ba laifinsa ba ne. Ko ta kanmu bai bi ba. Ni na haƙe gefen tulun da hannuna. Ƙasar ta kama shi gam, sai da na yi gumi. Baba ya ce ba za a zubar a gida ba, ba kuma a gona ba, inda abinci ke fitowa. Muka ɗora a baro, ina turawa, shi yana biye dafe da kafaɗar ƙanwata, muka ratsa ta cikin sabara har tsohon kududdufin bayan gari da ya ƙafe. Mata masu sussuka suka tsaya suna kallonmu. Wata ta ce lafiya dai ko, muka wuce abinmu.

Shi ya karkata tulun da kansa, ni tallafawa kawai na yi. Ruwan ya yi ta zuba, garau, rana tana ratsa shi, ƙanshin ya cika wurin har ƙudan zuma suka fara zuwa. Sai ya fara kauri. Sai ga uwar ta sulluɓo ta faɗa ƙasa tim, faffaɗa, mai santsi kamar hanta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san wannan abu! Tulun da faifai kawai ke rufe bakinsa, iska tana shiga tana fita tun zamanin kakana! Na ce, "Baba, tsaya!" A tsaya a yi me? Ƙasa ta riga ta shanye. Ya laluba dutse ya fasa tulun, ya ce mu tafi.

Bayan azahar na same shi a zaure na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla, gangar da aka manta, da iska, da abin nan mai santsi. Na ce ina ganin khal ne ba giya ba, ko ya taɓa yin ƙarfi iska ta cinye tun tuni. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Da hantsi ka rantse da Allah giya ce. Yanzu da azahar khal ne. Wanne zan ɗauka, daga bakin da ya ce mini inabi?"

Gaskiyar ita ce ban sani ba. Hancina ƙanshin tsufa ya sani, ya ɗauka na giya ne, don a jikin giya kaɗai aka koya masa shi. Akwai ma wani tsami da ya ɗan soke ni a cikin ƙanshin, na ji shi, na share, don bai dace da labarin da nake son bayarwa ba. Wataƙila khal ne zalla. Wataƙila kuma duk kaka in an zuba sabuwar zuma yakan ɗan motsa kafin ya lafa. Na yanke wa abin da ya girmi ubana hukunci ban ko ɗanɗana shi ba. Tir da ni.

Liman ya zo har gida, don ƙanwata ta je ta gaya masa. Ya ce khal halal ne, ya ce ko da ma giya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Baba ya ce ya ji, ya gode, Allah ya saka da alheri. Da liman ya fita sai ya sa aka shimfiɗa masa buzu. Ya ce ya sha ji a wa'azi cewa wanda ya sha giya sallarsa ta kwana arba'in a rataye take, shi kuwa kullum da safe yake sabunta arba'in ɗinsa. Ramuwar sallolin ya fara. Tsoho mai ciwon gwiwa, ido ba ya gani, daga hantsi har azahar yana tashi yana sunkuyawa, sai ƙafa ta ƙi ya koma yi a zaune. Ya kuma sa ƙanwata ta ja shi gida-gida wajen tsofaffin da ya taɓa sam wa tsimin, yana cewa su yafe masa, bai gaya musu dalili ba. Suka ɗauka ban kwana yake yi. Ran nan ƙanwata ta same ni a bakin rijiya ta ce, "Ka ga aikinka, A-can?" Wannan karon ba tsokana a muryarta.

Ya daina zama a dakalin masallaci, da an sallame sai ya nemi sandarsa. Na san dalili, kada wani ya tambaye shi labarin Andalus. Bai taɓa zagina ba, bai ɗaga mini murya ba. Na so a ce ya ɗauki sandar nan ya rufe ni da duka, da na samu sauƙi. Abin da ya yi kawai shi ne ya daina ce mini Babana. Sai dai "kai", ko ya ce wa ƙanwata, "Gaya wa yayanki." Na nemi gafararsa ya fi a ƙirga. Kullum sai ya ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya," fuskarsa tana kallon bango. Na yarda ya yafe ɗin. Sunan ne dai bai dawo ba.

Da kaka ta zagayo na sayo sabon tulu a kasuwar Makoda, na dafa tsamiya, na dama zuma, na rufe da faifai. A ɗakina na ajiye shi, don ban iya sa shi a ramin ba. Ni kaina ban san me nake nema ba. Na tambayi Baba sunan saiwar ya ce ya manta. Ƙanwata ta ce bai manta ba. Na bar iska ta yi aikinta, kuma wannan karon ina ɗanɗanawa: tsami ne zalla, ba komai a bayansa. In na ɗaga faifan sai ƙanshin ya yi tsalle ya daki hanci, in tuna tsohon can yana taɓe baki.

Ciwon bayan da Baba bai taɓa yi ba ya zo masa a daminar da ta biyo baya. Ko tsimin ne yake tare masa shi, ko ramuwar ce ta karya shi, oho. Kafin gero ya fitar da kai ya kwanta. Sai hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa. Yana kiran Inna, yana tambaya ko an ɗaure jakunan da suka mutu tun ina yaro. Wani lokaci ya yi ta magana da Barbarcin da muka ɗauka ya manta.

Wata safiya, an yi ruwa an ɗauke, gari ya waye tangaran, ina zaune a bakin gadonsa ina kore masa ƙuda. Ya idar da sallah da ishara, ya shafa addu'a, sai ya miƙo hannu, tafin a buɗe.

"Babana, ɗebo mini."

Kusan shekara biyu rabona da jin wannan suna. Na tashi na je ɗakina na ɗebo a tuluna da tsohon ludayin, wanda ƙanwata ta ɓoye ranar da aka fasa tulun kakana. Na tallafo kansa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya yamutsa fuska.

"Wannan ai yaro ne. Ina manyan?"

Ƙanwata tana tsaye a ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi, tana girgiza mini kai.

Na ce, "Suna ƙasa, Baba." Wannan ma ban yi ƙarya ba.

Ya ce, "Madalla. Ka yi daidai da ba ka zura ludayin can ba." Ya laluba gemuna ya shafa, ya jawo kaina kusa da bakinsa ya raɗa mini sunan saiwar. Sabara ce. Sabarar da ke ko'ina a bayan gari, wadda na bi ta kanta da baro. Ba wani sirri a cikin tulun nan, shekaru ne kawai, su kuma ni na sa aka zubar.

Sannan ya danna mini ludayin a hannu, ya haɗa yatsuna a kai ya matse.

"Na ba ka. Ka kula da shi, Babana. Kada ka bari a ga gindinsa."

Na ce, "To, Baba."